Yadda Ake Karantar Yaron Da Bai Iya Magana Ba

Ɗana na fari ya yaudare ni. In ya sha ya ƙoshi sai barci, in ya farka sai ya kwanta yana kama babban yatsan ƙafarsa yana surutai shi kaɗai. Duk wanda ya miƙo hannu zai tafi wurinsa. Ban ankara ba na fara jin kaina gwanar raino, har ina ba wasu mata shawarar da ba su tambaye ni ba. Sai ta biyun ta zo ta sauke mini wannan girman kan tun ba ta yi wata guda a duniya ba. Da rana ta yi sanyi za ta fara kuka, ba za ta tsagaita ba sai wajen ƙarfe goma na dare. Ƙarar ƙofa na firgita ta, ruwan wanka in ya ɗan canza ɗumi sai ihu, rigar da ɗinkinta ke gogar wuyanta ma abin faɗa ce. Ga shi uwa ɗaya ce ta haife su, ɗaki ɗaya suka kwana. Autan kuma da ya zo bai ɗauko ko ɗaya daga cikinsu ba. Shi ba ya ihu, ba ya kuma sakewa, sai dai ya lafe a jikina yana bin baƙo da ido kamar yana binsa bashi.

Bayan sun tasa na yi shekara tara ina aiki a gidan rainon yara, inda iyaye ke ajiye 'ya'yansu da safe su dawo su ɗauka da yamma. Abin da zan faɗa a nan daga waɗannan wurare biyu na samo shi, da kuma karatun da rigimar 'yata ta tilasta mini yi. Da ke nake magana, uwa, amma kai ma uban yara kada ka matsa gefe, akwai rabonka a ciki.

Fara da littafi da biro

Kafin ki yanke wa yaro hukuncin cewa fitinanne ne, ki ba shi mako guda na kallo. Ki samu ɗan littafi ki ajiye inda hannunki zai kai. Ki riƙa rubuta lokacin da ya farka, lokacin da ya ci, lokacin da kuka ya fara, da abin da ya faru minti goma kafin kukan. Wannan na ƙarshen shi ne mai amfani, kuma shi ne ake mantawa. Ki ƙara da yadda yake karɓar sabon abu karon farko: sabuwar fuska, sabon ɗaki, cokali, ruwan wanka. Yana miƙa hannu ko yana janyewa? In ya janye, sau nawa ake maimaita masa kafin ya saba? In ransa ya ɓaci, ƙunƙuni yake yi ko tsala ihu? In yana kuka kika kaɗa masa makulli, yana mantawa ko yana nan a kan bakansa?

Ba ni na ƙirƙiri waɗannan tambayoyin ba. A shekarar 1956 wasu likitocin ƙwaƙwalwa biyu, miji da mata, Alexander Thomas da Stella Chess, suka fara bibiyar yara 133 a birnin New York na Amurka tun suna jarirai har suka zama manya. A lokacin duk abin da yaro ya yi a kan uwarsa ake ɗora laifin. Su kuwa suka lura cewa jarirai na zuwa duniya da bambancinsu, suka ware fuskoki tara da ake gane shi, irin su yawan motsi, daidaituwar lokacin barci da yunwa, saurin sabo, ƙarfin martani, da yadda ƙaramin abu ke saurin damun yaro. Da suka tattara, kusan kashi 40 cikin 100 masu sauƙin hali ne irin ɗana na fari, kashi 10 masu wuyar sha'ani, kashi 15 kuma masu jinkirin sakewa. Sauran kashi 35 ba su shiga kowane rukuni ba. Na so wannan adadin na ƙarshe, domin yana hana mutum ɗaukar yaronsa ya cusa shi a akwatin da bai dace da shi ba.

Abin da suka fi nanatawa shi ne dacewa tsakanin halin yaro da yadda ake tafiyar da shi. Yaro mai yawan motsi a hannun uwa mai son shiru, kullum a cikin faɗa suke. Shi wannan yaron a hannun wadda ke fitar da shi fili ya yi ta gudu har ya gaji, ba wanda zai ce yana da matsala.

Ga abin da littafina ya nuna mini game da 'yata. Daren da kukanta ya fi tsanani, kusan kullum ranar an yi baƙi ne, ko mun fita, ko barcin rana ya wuce ta. Kuma tana gargaɗina tun kafin kukan, ni ce ban iya karatun ba. Za ta kau da fuska in ana yi mata wasa, ta yi hamma, ta dunƙule hannu, ta banƙare baya. Ni kuma da na ga ta kau da kai sai in bi fuskarta in ƙara yi mata wasan, wai kada ta yi fushi. Ashe cewa take ya ishe ta. Da na gane, sai na riƙa ɗauke ta tun a hammar farko in shiga ɗaki mai duhu-duhu in yi shiru. Kukan bai ɓace ba, amma ya ragu sosai.

To idan naki irin wannan ne, ki rage masa hayaniya, ki tsayar masa da lokutan barci da wanka yadda zai san abin da ke zuwa, sabon abu kuma ɗaya-ɗaya, ranar da ya yi barci ya ƙoshi. Idan mai jinkirin sakewa ne irin autana, babban kuskure shi ne a ɓamɓare shi daga jikin uwa a miƙa wa baƙo wai don a cire masa ƙiwa. Ki zauna da shi a cinyarki ki yi hirarki da baƙon kamar ba ki damu ba. Ki roƙi baƙon kada ya zuba masa ido. Bayan minti goma sha biyar ko ashirin za ki ga ya zame da kansa ya je ya taɓa takalmin mutumin. Kuskure na biyu kishiyar na farko ne, wato a ɓoye shi daga duk abin da yake tsoro. Jerome Kagan na Jami'ar Harvard ya gwada jarirai 'yan wata huɗu da sababbin abubuwa, ya samu kusan ɗaya cikin biyar suna banƙarewa suna kuka, kuma waɗannan sun fi zama masu ɗari-ɗari da suka girma. Sai dai da yawansu ba su zama hakan ba. Ana cewa hali zanen dutse, ni dai abin da na gani shi ne zanen yana nan, amma hannun mai raino na iya rage masa kaifi. Mai sauƙin halin kuwa, haɗarinsa a manta da shi. Tun da ba ya kuka sai a bar shi kwance awa biyu. Ki je masa ko bai kira ba.

Maganar sabo da hannu

Babu uwar da ba a ce mata kada ta saba wa jariri da hannu ba. Ni ma an faɗa mini, har na gwada barin 'yata ta yi ta kuka ina tsaye a bakin ƙofa ina nawa. Ban ga abin da ya gyaru ba.

Kukan jariri yana da tafiyarsa. Yana ƙaruwa daga mako na biyu, ya kai ƙololuwa wajen mako na shida, ya fara sauka a wata na uku zuwa na huɗu, kuma ya fi yawa da yamma. Tun 1954 wani likitan yara, Morris Wessel, ya ba da ma'aunin kukan da ya wuce kima: awa uku a rana, kwana uku a mako, har mako uku, alhali yaron lafiyarsa ƙalau yana ƙara nauyi. Jaririn wata biyu ba shi da dabarar da zai juya ki da ita. Ba ya iya kwantar wa kansa da hankali, jikinki yake ara ya yi hakan. Silvia Bell da Mary Ainsworth sun bi gidaje 26 a birnin Baltimore, a 1972 suka bayyana cewa jariran da ake saurin amsa kukansu a watannin farko su ne suka fi ƙarancin kuka a ƙarshen shekarar. A ƙasar Holan kuma Dymphna van den Boom ta zaɓo jarirai 100 masu saurin rigima, ta raba su biyu, aka riƙa zuwa gida ana koya wa iyayen rabin farko yadda za su gane alamun 'ya'yansu su amsa. Ziyara uku kacal aka yi. Da yaran suka shekara, waɗanda suka samu natsattsiyar shaƙuwa da uwayensu a wannan rabin sun ninka na ɗaya rabin fiye da sau biyu. Yaran dai su ne, rigimarsu ba a canza ta ba, idon uwa aka buɗe.

In ya fara kuka ki bi abubuwan da kowa ya sani da sauri: yunwa, jiƙa, gyatsa, zafi ko sanyi, zare ko gashi da ya naɗe masa yatsa. In duk ba su ba ne, ki ɗora shi a ƙirjinki fata da fata, ki yi ta kaiwa da komowa a hankali kina yi masa sauti ɗaya ƙasa-ƙasa. Ki tsaya a kan dabara ɗaya na minti biyar kafin ki canza. Uwar da ta rikice takan gwada abu goma a minti ɗaya, ta ƙara rikita yaron.

Akwai daren da za ki ji zuciyarki na tafasa, hannunki na rawa. Na san wannan daren. Ki kwantar da shi rigingine a gadonsa, ki fita, ki wanke fuska, ki yi minti goma, ki kira wani ya karɓe ki. Kukan minti goma ba zai cutar da shi ba. Girgiza shi da ƙarfi ko na daƙiƙa kaɗan ne yana iya fasa jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwarsa, ya makance ko ya mutu. Duk wanda za ki bar wa jariri ki faɗa masa wannan ɓaro-ɓaro, ko da zai ji haushi. In kuma jaririn bai kai wata uku ba zafin jikinsa ya kai digiri 38 a ma'aunin Celsius, ko ya ƙi shan nono, ko kukan ya canza ya zama siriri mai tsini, ko jikinsa ya saki, wannan ba maganar hali ba ce, asibiti za ki nufa a lokacin.

Sabo ake yi wa kuka

Kalmar shaƙuwa na ba ni dariya, domin ita ce dai sunan abin nan da ke kama jariri bayan ya sha nono yana hiƙ-hiƙ. Wadda nake nufi a nan ita ce igiyar da ke ɗaure yaro da wanda yake gudu wurinsa in ya tsorata.

An daɗe ana zaton yaro na son uwarsa ne don ita ke ciyar da shi. A 1958 Harry Harlow na Jami'ar Wisconsin ya raba 'ya'yan birai da uwayensu ya haɗa musu uwayen ƙarya guda biyu, ɗaya ta waya mai ɗauke da kwalbar madara, ɗaya an lulluɓe ta da tattausan ƙyalle ba ta da komai. Birran sukan je wurin ta wayar su sha su dawo da gudu su maƙale wa ta ƙyallen, kuma in an tsorata su wurinta suke nufa. Gwajin akwai rashin imani a cikinsa, amma ya kashe waccan maganar. John Bowlby, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila wanda ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a 1951 kan yaran da suka rasa gidajensu, shi ya yi bayanin cewa neman kusanci da mai raino buƙata ce mai zaman kanta kamar yunwa.

Mary Ainsworth ce ta sauko da maganar ƙasa. A 1954 da 1955 ta riƙa shiga gidaje a ƙauyukan da ke kusa da Kampala a Uganda tana zama tana kallon uwaye da jariransu. Ta lura cewa yaro mai rarrafe yakan bar uwarsa ya tafi bincike, ya waiwayo, ya dawo ya taɓa ta, ya sake tafiya. Daga baya a Amurka ta tsara wani gwaji na kusan minti ashirin ga yara 'yan shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi: uwa da yaro a baƙon ɗaki mai kayan wasa, baƙuwa ta shigo, uwa ta fita, ta dawo, ta sake fita, ta sake dawowa. Abin da ya buɗe mini ido shi ne, ba yawan kukan fitar ake aunawa ba. Dawowar ake kallo. Kusan kashi biyu cikin uku na yaran sukan nufi uwa, ta ɗauke su, su yi ajiyar zuciya, ba da jimawa ba su koma wasa. Wasu sukan yi kamar ba su gan ta ba, alhali da aka auna bugun zuciyar irinsu an samu yana tashi, damuwar suke haɗiyewa. Wasu kuma sukan maƙale mata suna ture ta a lokaci guda, rarrashi ba ya kama su. A 1986 Mary Main da Judith Solomon suka ƙara rukuni na huɗu, yaran da kan taho su daskare ko su juya baya a rikice, wanda aka fi gani inda mai rainon shi ne kuma abin tsoron.

Kada ki je ki yi wannan gwajin a falonki ki yanke wa kanki hukunci. Yaron da ya gaji ko yake fitar haƙori zai yi abin da ba halinsa ba. Abin da za ki ɗauka shi ne, yaron da ya fara ƙiwa a wata bakwai ko takwas, yake ihu in kin fita tsakanin wata goma zuwa shekara ɗaya da rabi, bai lalace ba. Ya gane ki ne, ya kuma gane kina nan a wani wuri ko ba ya ganinki.

A gidan raino na ga fita iri-iri. Wadda ta fi ba mu wahala ita ce ta uwar da ke jira yaro ya juya baya ta sulale. Ita ta tafi hankalinta kwance, mu kuma mu yini da yaron da ke duba bayan kowace ƙofa, gobe kuma ya riƙe zanenta ko wanka ba zai bar ta ta shiga ba. Ta biyu ita ce mai sallama sau biyar, ta kai ƙofa ta dawo, idonta ya kawo ruwa. Yi haka: ki durƙusa daidai tsayinsa, ki ce za ki tafi, ki faɗi lokacin dawowa da abin da ya sani, misali in ya tashi daga barcin rana, domin ƙarfe huɗu ba komai ba ne a wurinsa. Ki rungume shi, ki miƙa shi hannun mutum takamaimai, ki tafi. Kalmomin su zama iri ɗaya kullum. Ki bar masa wani abu mai ƙamshinki. Zai yi kuka, kuma yawancin waɗanda na raina kafin uwar ta yi nisa sun yi shiru. Sannan ki dawo lokacin da kika ce.

Dawowar ki ba ta haƙƙinta. Ki ajiye jaka da waya, minti biyar na farko nasa ne. Wani yaron da ya yini lafiya, yana ganin uwarsa zai fashe da kuka, har uwar ta zargi masu raino. Ajiyar yini ce yake saukewa a inda ya amince.

Kai kuma uba, ga rabonka. Rudolph Schaffer da Peggy Emerson sun bibiyi jarirai 60 a birnin Glasgow, a 1964 suka nuna cewa zuwa shekara ɗaya da rabi mafi yawansu sun shaƙu da mutum fiye da ɗaya, kuma wanda suka fi shaƙuwa da shi ba lallai ne ya zama mai ciyar da su ba, wanda ya fi amsa musu ne. Ka ɗauki wani aiki guda na kullum ya zama naka, wanka ko kwantarwa. In ya yi kuka a hannunka kada ka yi saurin cewa uwarsa yake nema ka miƙa. Haka ita ma ta fara, ba da iyawa aka haife ta ba. Abin da yaro ba ya jurewa shi ne hannuwa masu yawan canzawa. Bayan faɗuwar gwamnatin Ceausescu a Romaniya a 1989 an tarar da dubban yara a gidajen marayu ana ciyar da su amma babu mai raino tsayayye, kuma binciken da aka fara a Bucharest a 2000 kan yara 136 ya nuna waɗanda aka ba wasu iyalai riƙonsu kafin su cika shekara biyu sun fi samun shaƙuwa mai kyau. Saboda haka in kun samu mai raino mai kirki, ku riƙe ta.

Labarin zuciya a tambayi fuska

Wajen mako shida zuwa takwas jariri zai yi miki murmushin gaske, a wata na uku ko na huɗu ya ƙyalƙyale da dariya. Daga nan hira ta fara. Ya yi sauti, ki maimaita, ki yi shiru ki jira. Jiran nan shi ne ke wa manya wuya. Ki ƙirga biyar a zuci, za ki ga ya mayar.

A 1975 Edward Tronick ya nuna wani gwaji mai sauƙi. Uwa na wasa da jaririnta, sai a ce ta daskarar da fuska na minti biyu zuwa uku. Yaron zai yi murmushi, ya ɗaga hannu, ya yi ƙara, in duk bai yi ba ya kau da kai ya fashe da kuka. Ranar da na ga hotona ina kallon waya, na gane fuskar nan ce. Ban ce ki jefar da wayar ba. Ki ware lokutan da ba ta shiga, kamar shayarwa da wanka. Shi kuma jaririn, Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2019 ta ce ɗan ƙasa da shekara ɗaya kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin sam, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana.

Tronick ya gano wani abin da ya sanyaya mini rai. Ko uwa da jaririn da ke zaune lafiya, kusan kashi ɗaya cikin uku na lokacinsu ne kawai suke dacewa. Sauran duk saɓani ne da gyarawa: ta yi zaton yunwa ce ashe barci ne, ta gane, ta gyara. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Na sha daka wa 'yata tsawa. Abin da na koya shi ne in koma, in zauna kusa da ita in ce na ɗaga murya, ban kyauta ba, zo. Ba ya rage wa uwa kwarjini, ko da za a ce miki yana ragewa.

Ɗan shekara ɗaya kuma fuskarki yake tambaya kafin ya yanke shawara. A wani gwaji an ɗora irinsu a kan tebur mai gilashi da ke nuna kamar akwai ɗan rami a gaba, uwa na ɗaya gefen. Da uwaye suka nuna tsoro babu wanda ya tsallaka, da suka yi murmushi mafi yawa suka rarrafo. Don haka in ya yi tuntuɓe ya faɗi ya ɗago yana kallonki, ki riƙe salatin da ya zo bakinki. Ki duba shi da sakakkiyar fuska. In ya ji ciwo da gaske ki ɗauke shi ki ce ya yi zafi, kada ki ce ba komai, shi ya san akwai komai.

Birgima

Ki shafa wa yaro ɗan jan abu a hanci ba tare da ya sani ba ki kai shi gaban madubi. Ɗan shekara ɗaya zai taɓa madubin. Tsakanin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu zai taɓa hancinsa. Ya gano akwai shi. Daga nan kunya ke shigowa, da alfahari, da nawa ne, da a'a. So ya yi yawa, kalmomi kaɗan, ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke taka burki kuma bai gama girma ba, sai a zube ƙasa.

Rabin birgima ana kashe ta tun ba ta zo ba. Kada ki fita da yaro mai yunwa ko mai jin barci. Ki sanar da shi kafin ki katse masa wasa. Ki ba shi zaɓi biyu da duk kin yarda da su, jar riga ko shuɗiya. In ta zo duk da haka, ki kawar da abin da zai ji masa ciwo, ki zauna kusa, ki faɗi abin da ke ransa a gajarce: ka ji haushi, kana son wuƙar, ba zan ba ka ba. Shi ke nan. Dogon bayani a wannan lokacin zuba ruwa ne a kwando. Kada ki ba shi abin da ya yi birgimar dominsa, in kin ba shi sau ɗaya kin koya masa farashin. In ya kai miki duka ki riƙe hannun ki ce ba a duka. Ki saurari sautin kukan, akwai inda ihun fushi ke karyewa ya koma sheshsheƙa, a nan ne yake karɓar runguma. 'Yata in na taɓa ta kafin wannan gaɓar sai wutar ta ƙaru, autana kuwa tun farko yake so a riƙe shi. Littafin nan dai shi zai gaya miki wane ne naki.

Barazana biyu nake roƙon a bari. Ta farko, zan tafi in bar ka, domin tana sukar yaro a daidai inda ya fi rauni. Ta biyu, zan sa a yi maka allura, domin ranar da allurar ta zama dole ke za ki sha wahalar. In za ki yi faɗa ki yi a kan aikin, ki ce jifa ba kyau, kada ki ce shi mugu ne. Ɗan shekara biyu yana yarda da duk sunan da uwarsa ta kira shi.

Wasu yaran in sun yi zuciya sukan shiɗe, numfashi ya tsaya, leɓe ya canza launi. Yawanci ba ya kai minti ɗaya. Ki kwantar da shi a gefensa, kada ki girgiza shi, kada ki sa masa komai a baki. Karon farko ki kai shi a duba, domin wani lokaci yana tafiya da ƙarancin jini.

Akwai kuma abubuwan da ba a jira a ce zai yi in ya girma: wata uku babu murmushi, ƙara mai ƙarfi ba ta firgita shi, ya shekara ba ya waiwayowa in an kira sunansa, shekara ɗaya da rabi ba ya nuna miki abu da yatsa, ko ya daina abin da a da ya iya. Ki tafi da littafin, likita ya fi amfana da abin da aka rubuta da kwanan wata fiye da ina ganin kamar.

A shafin ƙarshe ki riƙa rubuta naki. Kuka da saurin fushi a kwanakin farko bayan haihuwa suna samun mata da yawa, kuma sukan wuce cikin mako biyu. In sun zarce haka, ba ki jin daɗin komai, ba ki iya barci ko jaririn na barci, kina kallonsa kina jin kamar ɗan wata ne, wannan ciwo ne mai magani, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu na fuskantar irinsa. Bayan haihuwar 'yata na yi wata huɗu a haka ina ce wa kowa gajiya ce. Mijina ne ya ga abin da na rubuta a bayan littafin, ya ɗauki makulli ya ce in sa takalmi. In tunanin cutar da kanki ko jaririn ya taɓa zo miki, ki faɗa wa wani a ranar, ki miƙa masa yaron, a kai ki asibiti.